Talabijin ɗin da Ake Gani daga Bakin Ƙofa

A gidanmu na Unguwar Kanawa, Inna ba ta taɓa zama a kujerar falo ba. Ita ce mahaifiyar Babanmu, shi kuwa ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta kuma zama a ɗakin da yake zaune. In magana ta biyo ta kansa sai ta ce "mutumin nan", kamar wani ɗan haya. Wurinta ɗaya ne: tabarma a baranda, dab da ƙofar falo, da kurfoti a gabanta. A nan take soya mana gyaɗa bayan sallar isha'i, a nan kuma take ba mu tatsuniya, ni da ƙannena biyu da duk ɗan maƙwabcin da uwarsa ta manta da shi.

Tatsuniyoyinta ba na lallashi ba ne. Kusan kullum sai kura ta cinye wani yaro, kuma sunan yaron yakan zo daidai da na wanda ya fi yin rashin ji a ranar. An cinye ni ya fi a ƙirga.

Ina aji biyar na firamare tsohon talabijin ɗinmu mai ƙaton ƙeya ya mutu. Baba ya tafi sayen sabo, ya ɗauke ni tare da ƙaninsa Baffa Sani, wanda a danginmu shi ne masanin duk abin da ake jona wa wuta. A lokacin iri biyu ake yayi, filasma da LCD, kuma mai shagon ya kunna su gefe da gefe.

"Yaya, LCD za ka ɗauka," in ji Baffa. "Ba ya shan wuta, ƙaramin janareta ma zai ja shi. Wannan filasman nauyi gare shi, ga zafi kamar tanda. In hoto ɗaya ya daɗe a kansa, sai ya bar tabo a gilashin."

Kowa a shagon yana tsaye a gaban talabijin ɗin, Baba kuwa sai ya koma can gefe, ya tsuguna kusa da ƙofa, yana leƙen su ta kaikaice. Na bi shi na tsuguna. Daga wurin, hoton LCD ya koɗe, fuskokin mutane sun yi toka-toka. Na filasma yana nan yadda yake.

"Wannan za a ɗaure mini," in ji shi.

"Haba Yaya! Saboda me?"

"Baƙinsa ya fi kyau."

Haka muka dawo a a-kori-kura, Baffa a baya yana rungume da kwalin a tsaye, don an ce in aka kwantar da shi gilashin zai iya tsagewa. Har muka iso gida yana mita. Umma ma da ta ji zafin da yake fitarwa ta ce an kawo mata murhu na biyu.

Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa ba. Muka watse daga baranda. Gyaɗa ta riƙa hucewa a faranti, 'ya'yan maƙwabta suna tsallake ƙafafun Inna su shige falo da gaisuwar da ba ta kai ƙasa ba. Gida duka ya koma ciki, ita kuwa kunya ba za ta bar ta ta bi mu ba. Tsohuwar da ake kewayewa kullum ta zama ita kaɗai a waje, a gidan ɗanta. Ban ji tausayinta ba a lokacin, don hankalina yana kan rimot. Na dai lura an kafa talabijin ɗin a bangon da ke kusa da ƙofa, kuma labulen ƙofar ya daina sauka.

Wani dare aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasan ƙwallo. Baba ya fita tsakar gida yana fama da igiyar janareta, mu kuma, don babu yadda za mu yi, muka koma wajen kurfoti.

"Au, maigidan nawa ya tuna da ni?" ta ce da ni. "To ku matso. Ga wata ta taso daga nesa."

"Ta iso mu shimfiɗa mata," muka amsa, yadda ta koya mana.

Ta ce an yi wani mutum da ya tashi haƙa rijiya. Masana suka zo suka nuna masa tsakiyar gida, suka ce nan ruwa ya fi kusa. Shi kuwa ya je jikin katanga, inda marmara take, ya kafa diga. Ya sha wuya, gari ya yi ta yi masa dariya. Da ya cim ma ruwa, sai ya rage tsawon katangar a daidai wurin, ya rataye guga ta waje. Kullum da asuba in ya fito sai ya tarar da gugan a jiƙe. Bai taɓa tambayar wanda yake jan ruwan ba, mai jan ruwan kuma bai taɓa zuwa godiya ba.

"Nan na ajiye ta," in ji Inna. "Wanda ya tsinta, tasa ce."

Ƙanwata ta ce, "Inna, ina kurar?"

"Yau ta ƙoshi."

"To wa yake jan ruwan?"

"Je ki tambayi gugan."

Na yanke hukuncin cewa tsufa ya fara taɓa ta, don ba ta taɓa ba mu tatsuniya marar daɗi irin wannan ba. Abin da na tuna kawai shi ne, tun da ta fara har ta gama ba a ja igiyar janareta ko sau ɗaya ba.

Daga baya na gane da rana, in mun tafi makaranta Baba ya tafi ofis, akan bar mata tashar da ke nuna ɗawafi kai tsaye daga Makka. Daga tabarmarta take kallo, ba ta taɓa matsawa ciki ba. Maganar Baffa kuwa ta tabbata: tambarin tashar ya zauna a kusurwar gilashin, dishi-dishi, ko me aka kunna yana nan.

Inna ta rasu ina jami'a. Yanzu an daina ƙera filasma ma gaba ɗaya. Baffa Sani ya kawo wa Baba sabon talabijin, siriri, marar nauyi, wanda ba ya zafi, yana kuma nan cikin kwalinsa a bayan kujera. Ni ma a gidana na Badarawa irinsa na saya, kuma a shagon tsaye na yi a gabansa kamar kowa, don ba ni da wanda zai zauna a bakin ƙofa.

Kwanakin baya na je gaishe da su Baba bayan magariba. Na tarar da falo babu kowa, tsohon filasman yana ta aiki, Baba kuma yana zaune a baranda, a kan tabarma, dab da ƙofa. Na zauna kusa da shi. Daga nan hoton ya fito tas, da tabon a kusurwarsa. A nan tatsuniyar da na raina ta dawo mini, na ga rijiyar, na ga gugan a jiƙe. Mutum biyu sun yi shekaru a gida ɗaya, ɗaya ya yi kyauta bai ce ya yi ba, ɗaya ta yi godiya ta bakin tatsuniya, mu da aka tara muna neman kura. Sai na ji kewarta ta kama ni, har da cinye ni da take sa kura ta yi.

Na ce, "Baba, wai don Allah me ya sa ka zaɓi wannan a ranar?"

Bai juyo ba.

"Baƙinsa ya fi kyau," in ji shi.