Gurasar da Na Jiƙa wa Baba

Tun rasuwar Inna ni nake dafa wa Baba abinci. Gidan aurena yana bayan nasa a cikin Haɗeja, kullum kwanona ne yake shiga zaurensa: tuwon shinkafa miyar kuka, dambu, wani lokaci farfesun tarwaɗa idan masunta sun taki sa'a a kogi. Ban taɓa jin ya ce ya yi daɗi ba. Ban kuma damu ba, na ɗauka haka Allah ya yi shi, ba ya yabo.

Ashe yana yabo. Ni ce dai bai taɓa yaba wa ba.

Na gane haka a ranin da ya yi jinya, cin abinci ya gagare shi. Sati biyu ina kai kwano ana dawo min da shi yadda na kai. Ana cikin haka autarmu ta zo ganin gida daga Jodan, inda mijinta yake karatu. Yarinyar da ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba lokacin da muka kai ta ɗakinta!

Washegari ta ce a kai ta lambun Baba a fadama. Ta dawo da latas, tumatir, kokwamba, albasa da na'a-na'a, har da wata ciyawa mai kaurin ganye da muke tugewa mu watsa wa awaki. Na ce, "Auta, Baban ne za ki ba abincin akuya?" Ta yi dariya ta ce, "Yaya, can da kuɗi ake sayenta."

Ta yanka komai manya-manya. Ta matse lemon tsami a kan man zaitun da tafarnuwa, ta barbaɗa wani jan gari mai tsami da ta zo da shi a ƙulli. Sai ta yayyaga gurasa ta soya har ta yi ƙarau, ta watsa a kai, nan take ta ɗauka sai zaure. Wai sunansa fattush.

Ina tsakar gida ina jin ƙurus-ƙurus. Baba ya cinye tas. Da kunnena na ji ya ce, "Kai, Auta, hannunki akwai albarka." Wallahi sai da na nemi turmi na zauna. Na yi murna ya ci, Allah shaida ne, amma baƙin cikina ya fi murnar yawa. Da Auta ta miƙo min ɗan abin da ta rage a madafa in ɗanɗana, na ce azumi nake. Ƙarya nake yi.

Kwana goma tana yi masa, sannan ta koma. Kwanona ya ci gaba da dawowa a cike. Rannan Baba ya ce, yana kallon bango, "Ko kin iya abin nan na ƙanwarki?"

Waya ɗaya zan buga in tambaye ta. Ni? In tambayi wadda na goya? Allah ya sawwaƙe. Na ce ba iyawa kaɗai ba, sai na fi ta. Jan garin nan babu shi a kasuwarmu, sai na daka busasshen zoɓorodo a madadinsa. Ciyawar awaki kuwa, da kaina na je fadama na tsinko ina waige kada wani ya gan ni. Da na zo kan gurasa na ce a nan ne ta yi wauta. Wa yake ba tsoho marar lafiya busasshiyar gurasa? Mu nan ruwa muke yayyafa mata ta yi laushi kafin a sa ƙuli-ƙuli. Na yayyafa mata ruwa, na cakuɗa komai tun hantsi don ya kama jikinsa, na rufe kwano na ajiye sai azahar.

Da na buɗe a gabansa, sai na ga ɓarna. Gurasa ta shanye lemo ta koma kamar fate, latas ya kwanta, zoɓo ya rina komai ja. Na kai hannu zan janye kwanon, ya ce in bari.

Ya ci. A hankali, loma bayan loma, har ya ga ƙasan kwano. Ina durƙushe ina jira. Ni da na aurar da 'ya, ina jiran kalma ɗaya daga bakin ubana.

Ya wanke hannu, ya yi hamdala, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Kira min Auta in gaya mata yau na ci abincinta."

Ni na riƙe masa wayar a kunne har suka gama, don ba shi da ƙarfin riƙe ta.