Injin Niƙan Marigayi

Jama'a, yau na gano mai shanye min man inji.

Sale, ƙanin marigayi mijina, shi ke kula da tsohon injin niƙan da marigayi ya bar min. Kullum sai ya ce injin ba ƙarfi, sai shan mai. Yau har da kawo 'yan gwangwan su saye shi.

Na kira bakanike daga Kwangila, muka zuba mai kwalba ɗaya. Wallahi injin ya niƙe buhun masara, man bai ƙare ba!

Bakanike ya ce, "Hajiya, lafiyarsa ƙalau."

Na ce, "To Sale, jarkar man da nake cika maka, cikin wa take shiga?"

Sai sosa ƙeya. Na fizge makullin shagon niƙan daga hannunsa. Garin tuwon gidansa kuwa, daga yau sai dai turmi.