Mangwaron da Kawu Ya Tsare

Kawuna ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da abin da bai kai tafin hannunsa ba. Lambunsa yana bakin kurmi, kuma ɓerayen kurmin nan ba irin na ɗaki ba ne. Ƙanana ne masu doguwar wutsiya. Sai su kafa farce a ɓawon itace su haye kamar a ƙasa suke gudu, su sauko kai a ƙasa ko gezau. Abin haushin, ba sa cinye mangwaro. Su gatsa wannan, su koma wancan, da safe ka tarar da asara zube.

Dabararsa fallen kwano ce. Yakan naɗa wa kowane gindi ya ɗaure da waya, ɓera ya zo ya yi ta zamewa. In mun tsokane shi cewa ya ɗaura wa itatuwa zani, sai ya ce, "Ku yi dariya, ai ku ke shanyewa."

Da ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa suka sayar da lambun, aka bar masa bishiyar mangwaro ɗaya a bayan ɗakinsa, wadda marigayiya matarsa ta dasa. Kullum a gindinta yake wuni.

Wata shekara ya gano ɓerayen sun koyi bi ta tsakanin kwano da ɓawo. Ya ɗauko filaya ya murɗe wayar har ko allura ba za ta shiga ba. A da, kowace damina yakan sassauta ɗaurin don itace ya samu wurin ƙiba. Wannan karon ya ƙi.

Na ce, "Kawu, ka sassauta mata mana."

"In sassauta su hau? Ba dai ina raye ba."

Ba su ƙara hawa ba kuwa. Amma bishiya ta ci gaba da kauri, kwano da waya suka nutse cikin jikinta. Ganye ya yi rawaya ya zube, rassa suka bushe tun daga sama.

Ranar da na taya shi ɓamɓare kwanon, muka ga ɓawon ya yanke a zagaye. Ban taɓa ganin hawayen Kawu ba sai ranar, ni ma na kasa riƙe nawa.

Washegari da sassafe na same shi zaune a wurin. Wani ɗan ɓera ya haye busasshen gindin, ya zagaya rassan, bai samu komai ba, ya sauko. Kawu ko hannu bai ɗaga ba.

Ya ce, "Shekara da shekaru suna ci, su ba su kashe ta ba."