Ƙarfen Fartanya a Ƙarƙashin Kat-kat

Rahama na zaune kan buhun gyaɗarta a wani gareji na Zango, tana kallon bakaniken da ko sunansa ba ta sani ba. Gajere ne, gemunsa duk furfura, hannunsa na hagu ba yatsu biyu. Tun da ya shiga ƙarƙashin kat-kat, motar shiga rairayi da ta kwaso su Rahama daga Guna, yake faɗa.

Da ma an ƙara wa motar tsayi don ta keta rairayi, sai kardan, sandar da ke juya ƙafafun baya, ya karkace, motar ta riƙa karkarwa. Ga shi ya zaro abin da aka cusa ƙarƙashin lam, jerin ƙarafan da ke ɗauke da nauyin motar, don daidaita kardan ɗin: ƙarfen tsohuwar fartanya, an ma saka shi a juye.

"Direba! A haka ka ɗauko matan mutane? In kardan ya tsinke kana gudu fa?"

Rahama na duban dungulmin yatsun, ranta na ba ta ya taɓa gamuwa da irin wannan hatsari.

Bakaniken na goge sabon ƙarfen da zai saka a madadin na fartanyar, gefe ɗaya kauri, ɗayan siriri, yana huci. Fartanyar kuwa ya wurga ta gaban direban.

"Mayar wa maƙerinka! In kabari yake son haƙa musu, ya sa mata ƙota tukuna."