Sallamar da Ban Amsa Ba

Mutumin da ya fara ɗora yatsuna a kan kwamfuta yana da ɗan shago ne a wajen Ƙofar Ɗan Agundi, inda yake buga wa mutane takardu da katin ɗaurin aure. Malam nake ce masa, har yau ma haka. Yakan rufe mini madannai da hankici ya ce in buga ban kalla ba, in na yi kuskure ba ya faɗa, sai dai ya ce a sake. Ni kuwa tun ina ƙarami zuciyata a kusa take. Na sha tashi in fice daga shagon ina huci, washegari in dawo, ya amsa sallamata kamar ba a yi komai ba.

Daga buga takardu na wuce zuwa rubuta manhaja, na koya a intanet, a ɗakina na gidanmu da ke Mandawari. Ranar da na fara yin tambaya a wani dandalin masu wannan sana'a na ƙasashen waje, yadda aka rene ni haka na yi. Na gaishe su, na tambayi lafiyarsu da ta iyali, na ba da haƙurin damun su da zan yi, sannan na kawo matsalata, na rufe da godiya. Kafin in sha ruwa wani ya shiga ya goge gaisuwar da godiyar, ya bar tambayar tsirara. Wani ya ce an taɓa yin irinta, ya rufe ta. Na uku ya turo mini wani shafi da aka rubuta musamman don koya wa irina cewa a daina gaisuwa, a faɗi abin da ya kawo mutum. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba.

Amma da na daɗe a cikinsu na gane ba rashin mutunci ba ne zalla. Mutanen da nake yi wa aiki yanzu, lokacin da muke la'asar suke farkawa. In ka ce sannu ka tsaya jiran amsa, shi ma ya ce sannu ya tsaya jiran tambaya, kwana guda ya tafi a banza. Na karɓi wannan ɗabi'a hannu biyu, har na fi masu ita zafi, kamar yadda sabon shiga yakan yi.

Da na ɗan yi suna, sai na buɗe wa masu rubuta manhaja na garin nan guruf a waya, ni ne admin, wato mai kula da shi. Nan na ga abin da ya ishe ni. Ranar Juma'a hotunan barka da Juma'a sai sun binne duk wata tambaya. Wani ya turo muryarsa ta minti bakwai, shida na gaisuwa ne. Wani ya ɗauki hoton kwamfutarsa da waya, duk ya yi dishi-dishi, ya rubuta a taimaka ba ta yi, bai ce mece ce ba ta yi ba. Ga masu tallan data da turare. Sai na zauna na rubuta dokoki, ta farko ita ce: wanda ya yi sallama kawai ya tsaya, kada kowa ya amsa masa, ya haɗa da tambayarsa. Na fitar da mutum biyu da suka karya ta, daga nan kowa ya shiga taitayinsa. Guruf ya yi tsab, ni kuma ina ta jin daɗin kaina.

A wannan lokacin Malam ya riga ya rufe shagonsa. Wata rana ya aiko in je, na tarar da shi a soro ya baje littattafan da mahaifinsa ya bari, rubutun hannu ne na Larabci da ajami, cikin gafaka, gara ta fara taɓa wasu. Yawancinsu ba su da suna a jiki, warwara ne. Shi kaɗai ya rage wanda in ya dubi rubutun zai ce wannan hannun wane ne, wannan littafi kaza ne, an kwafe shi a gari kaza. Ya ce likita ya gaya masa yana da hawan jinin ido, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Yana so ya shigar da sunan kowane littafi da na wanda ya kwafa da layinsa na farko a kwamfuta tun yana gani, don 'ya'yansa ba su san su ba, in ya rufe ido takardu ne kawai za a gada.

Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. A yammaci ɗaya na haɗa masa 'yar manhaja da rumbun da za ta riƙa ajiye bayanan, na gwada da sunana da rubutun boko, ya shiga lafiya, na ce shi ke nan. Sauri nake yi, ana jirana. Da zan tafi ya ce in abu ya shige masa duhu fa? Gaskiyar magana ina gudun yawan kira ne, don Malam in ya kira ka sai ya tambayi kowa na gidanku ɗaya bayan ɗaya. Sai na sa shi a guruf, na ce ya riƙa tambaya a can, akwai yara masu ƙoƙari. Ban karanta masa dokokin ba.

Bayan mako guda, ranar Litinin da hantsi, ya rubuta: “Assalamu alaikum wa rahmatullah.” Bai ƙara komai ba. Mutum sama da ɗari suka gani, ba wanda ya tanka, don ni na koya musu. Ni ma na gani. Aikin da na miƙa wa waɗanda nake yi wa aiki ne ya lalace a ranar, ana ta jifana da saƙo, na ce anjima zan kira shi. Talata ya sake yin sallama, a daidai wannan lokaci. Ba kunya na ji ba, haushi na ji. Na ce a raina, haba Malam, sai ka ce ba ka ga yadda kowa yake yi ba? Ranar Laraba ya yi ta uku.

Da shiru na yi ma da sauƙi. Sai na ga in na amsa masa, waɗanda na kora za su ce doka ta talaka ce. Na kwafo doka ta farko na liƙa a ƙarƙashin sallamarsa, ban ambaci sunansa ba, na ƙara da cewa jama'a a riƙa kiyayewa, nan wurin aiki ne ba wurin ɗaurin aure ba. Wasu suka ɗaga mini babban yatsa. Bayan azahar na duba, na ga ɗan ƙaramin rubutun nan da ke cewa ya fita daga guruf.

Na san na yi ba daidai ba tun a ranar. Na ce zan je ranar Asabar. Asabar ta zo na ce sai na sami abin da zan ce masa. Kunya irin wannan kullum ƙara nauyi take yi, har ta kai in zan bi ta unguwarsu sai in canja lungu. Na riƙa gaya wa kaina ai da matsalar babba ce da ya kira. Haka wata bakwai suka wuce. Mahaifiyata ce ta dawo daga wata barka ta ce ta ji an ce idon Malaminka ya tafi, sai an riƙe masa hannu zuwa masallaci, ka je ka duba shi kuwa? Na ce ina shirin zuwa. Ta dube ni kawai.

Washegari da hantsi na tsaya a ƙofar soronsa na yi sallama. Tun ban rufe baki ba ya amsa, cikakkiya, har da wa barakatuhu, ya kuma gane muryata. Yana zaune a kan buzu, littattafan a jere a bayansa. Ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi yayyena da 'ya'yansu, da aiki, da zafin gari, ni kuma ina amsawa ina jin kowace tambaya kamar mari. Da ya gama na durƙusa na ce na zo neman gafara.

Ya ce, “Ban yi fushi ba. Na yi sallama sau uku ba a amsa ba, ka kuwa san hukuncinta, juyawa ake yi. Gidanka ne, kai ka san yadda ka tsara shi.”

Na ce ai da ya kira ni. Ya ce wanda bai amsa a ƙofa ba, ba a zagaya masa ta taga. Ba da zafi ya faɗa ba, kuma wannan ya fi ci mini rai.

Sannan ya gaya mini tambayar da ya so yi. Ya ce tun makon farko ya lura in ya shigar da sunan littafi da haruffan Larabci ya adana, in ya sake buɗewa sai ya ga alamar tambaya a jere a maimakon rubutun. Da bai sami wanda zai tambaya ba, sai ya yi tunani irin na tsohon mai buga takardu: ai sau da yawa rubutu yana nan a ciki, kwamfutar ce kawai ba ta da irin harafin da za ta nuna shi. Ya ce lokaci ba ya jiransa, don haka ya ci gaba, kullum daga hantsi zuwa azahar, da gilashin ƙara girma a hannu, har ranar da ya daina bambance layi da layi. Ya laluba ya jawo kwamfutar daga ƙarƙashin matashi ya miƙo mini, ya ce tunda Allah ya kawo ni, in buɗe masa su.

Tun kafin in kunna na san wannan cutar. Na shiga cikin rumbun kai tsaye, ba ta manhajar ba. Ranar da na haɗa shi ban saita shi ya karɓi kowane irin harafi ba, na bar shi yadda ya zo, boko kaɗai ya sani. Duk harafin da bai gane ba, ba ɓoye shi yake yi ba, jefar da shi yake yi ya ajiye alamar tambaya a gurbinsa. Na duba filashin da yake kwafewa a ciki duk Juma'a kamar yadda shi ya koya mini tun ina yaro, nan ma haka. Lambobin da ya ba littattafan ne kaɗai suka tsira.

Na daɗe ina danne-dannen da na san ba su da amfani. Ya ji shirun ya yi yawa.

“Suna ciki ko?”

Ƙarya ta zo mini har bakina. Ba ya gani, in na ce suna nan zan tafi da ita in gyara, zai yi barci da daɗi. Amma na riga na ƙi amsa masa sau uku, ban ga yadda zan ƙara da ƙarya ba.

“Ba sa ciki, Malam. Tun ranar farko ba sa shiga. Kuskurena ne, ni ban saita shi ba.”

Ya yi salati a hankali, ya shafa fuskarsa. Can ya ce in duba masa lamba ta ƙarshe. Na ce ɗari uku da goma sha ɗaya. Ya ce ashe ya kusa, bai fi arba'in suka rage ba. Sannan ya tambaya ko gyaran babba ne, da an yi shi a lokacin.

Na ce, “Layi ɗaya ne a cikin manhajar.”

Ya ɗaga murya ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Ni da nake fice wa mutane ina huci, ranar a gabansa na yi kuka, yana cewa in bari, abin da Allah ya rubuta ne. Na san haka ne, na kuma san hannun da aka bi ta kansa.

Na gyara layin a wurin, bai ɗauke ni minti biyu ba. Na goge doka ta farko a guruf ban yi wa kowa bayani ba, har yau wasu suna mita cewa gaisuwa ta dawo ta cika wuri, kuma ba ƙarya suke yi ba. Yanzu duk Asabar da hantsi ina soron Malam. Ni nake buɗe gafaka in karanta masa layin farko da ƙyar, don ban saba da tsohon hannu ba, shi kuma ya faɗi sunan littafin in buga. Waɗanda ya haddace suna zuwa da sauƙi. Amma sunan wanda ya kwafa a hannun rubutun yake, kunne ba ya jin sa. In mun zo nan sai ya ce in miƙo, ya kai takardar dab da fuskarsa, ya juya ta wajen hasken ƙofa, ya daɗe. Sannan ya miƙo mini ya ce, “Rubuta ba a sani ba.” Asabar da ta wuce sau tara na rubuta.