Jan Tabo a Takardar Sulai Biyar

Jiya aka ba ni canji mai tabo, sai ga ni ina shinshina takardar, yadda marigayiya kakata mai sayar da goro a Laranto take yi.

A ƙarshen shekarun saba'in na kai mata takardar sulai biyar mai jan zane. Wani maƙwabci ya ce kuskuren injin bugawa ne, Turawan Rayfield suna saye da tsada. Har na fara hango keken ɗinkina.

Ta ɗaga ta a rana, ta murza da yawu, ta kai hanci.

"'Yar nan, na inji ba ya gogewa, ba ya ƙamshi. Wannan lalle ne. Wata amarya ce ta damƙe ta da gumi."

Keken ɗinki ya tafi. Amma har yau ina tunanin wace amarya ce, me ya tsorata ta.

Allah Ya cika kabarinki da ƙamshin Aljanna, Kaka.