Abokina da Ya Zo Ta'aziyya Bai Ce Komai Ba

Shekarun baya na yi wani aboki wanda duk faɗin Azare ban san wanda ya kai shi surutu ba. Iyayensa mutanen kudu ne, Kirista, amma a nan aka haife shi, a layinmu ya tashi, tare muka yi firamare da sakandare. Mahaifinsa kayan keke yake sayarwa har ya rasu. Mahaifiyarsa kuwa tana da rumfa a kasuwa, manja da garin kwaki da busasshen kifi. Mama muke ce mata, ni da shi duka. Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da yaren iyayensa, har Fulatanci yana taɓawa, ni da nake da kaka Bafulatana ban wuce gaisuwa ba. In ya shigo gidanmu mahaifiyata takan ce ga rediyo ya iso, a rage murya kada maƙwabta su ɗauka faɗa ake.

Bayan sakandare ni na kama ɗinki, kuma a kansa nake har yau. Shi kuma ya ba da ƙarfi a harkar cocinsu, daga nan aka samar masa gurbin karatun addini a wata ƙasa ta gabashin Afirka, a makarantar wata ƙaramar ɗariƙa ta Kirista. Da ya gama suka riƙe shi yana koyarwa, yana shiga ƙauyuka wa'azi, yana taimakawa a wani ƙaramin asibitinsu. Ya auri 'yar can, suka haifi yara biyu maza.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yake kirana, don ya san ba na buɗe shago a lokacin. Rabin hirar ƙorafi ce. Gidan da aka ba su a kan tudu yake, ga sanyi, ga ruwan sama ba rani ba damina. Tuwonsu na masara ne, amma babu miyar kuka. In ya yi wa yaransa Hausa dariya suke yi, sun ɗauka wasa yake musu. Na taɓa aika masa kuka da daddawa ta hannun wani matafiyi, matarsa ta kwance ƙullin daddawar, ta ji wari, ta ɗauka lalacewa ta yi a hanya ta zubar. Ya ce kwana biyu ya yi yana jimami. Yakan ce a kudu ce masa ake Bahaushe, a Azare ɗan kudu, a can kuma baƙo daga Najeriya, ni kaɗai ne nake kiransa ba tare da na ƙara masa komai ba.

A cikin irin wannan hira ya ba ni labarin wani zama da mutanen ɗariƙar suke yi. Ban da wa'azi da waƙa da kowa ya sani, sukan taru su zauna shiru, sa'a guda ko fiye, babu mai jan addu'a. Ba wanda yake magana sai wanda ya ji a ransa Allah ne ya sa masa maganar a baki. In ba a samu ba, haka za a tashi a gaisa a watse. Na yi dariya har da hawaye. Na ce ashe akwai ƙasar da aka iya rufe masa baki, ya ba ni adireshinsu in aika musu tukwici. Shi ma ya yi dariya, ya ce ranar farko ko minti biyar bai yi ba ya soma yin tari na ƙarya don dai ya ji sauti. Sannan ya ce amma yanzu wannan zaman ya fi masa duk littattafan da ya karanta. Ban riƙe maganar ba. Na ɗauke ta cikin tarkacen surutunsa.

Ina da 'ya ta fari. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka ban taɓa kiran sunanta da bakina ba. Abokina Hajiya Ƙarama yake ce mata, kuma ba ya ajiye waya sai an ba shi ita sun gaisa. Tana da ciwon sikila. Shekararta goma sha ɗaya ciwon ya tashi, muka yi kwana huɗu a asibiti, Allah ya karɓi abarsa. Ba zan tsawaita a nan ba.

Na aika masa saƙo. Bai kira ba. Ashe hanya ya kamo, jirgi zuwa Kano, mota zuwa Azare. Ranar sadakar uku da hantsi, muna zaune a ƙofar gida a kan tabarmi, sai na gan shi ya sauko daga acaɓa, ƙurar hanya a ƙafarsa.  Na ce a raina ga wanda zai yi magana ya iso, yau zan ji abin da zai sanyaya mini rai.

Ya cire takalmi, ya ba mutane hannu, ya zo ya riƙe nawa ya daɗe bai saki ba. Sai ya zauna a gefena, kafaɗarsa tana taɓa tawa, ya ɗora hannuwa a kan gwiwa, ya sunkuyar da kai.

Shi ke nan.

Kun san yadda zaman makoki yake a wurinmu. Kowa ya zo zai ce ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, Allah ya sa mai ceto ce. Za a ɗaga hannu a yi addu'a a shafa. Wanda bai san ka ba ma, in ya biyo ta layin, zai tsaya ya faɗi haka. Abokina ya san wannan sarai. Ranar da mahaifina ya rasu, kafin ya tafi karatu, shi ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin. Amma ran nan aka yi addu'a ta kai sau ashirin, hannunsa bai bar gwiwarsa ba, bakinsa bai motsa ba.

Wani kawuna da ya zo daga Sakwa ya karkato ya tambayi na kusa da shi, da muryar da shi yake ganin raɗa ce, ko baƙon nan kurma ne. Aka ce masa a'a, ɗan gidan mai manja ne, wanda ya zama malamin coci a ƙasar waje. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "To, ai shi ya sa. Karatun ya hana shi yi wa Musulmi addu'a."

Maganar ta shige ni kamar allura. Ina zaune ina jin ɗumin kafaɗarsa, ina jira ya ƙaryata kawu da kalma ɗaya. Har aka kira azahar bai ce uffan ba. Da muka miƙe za mu yi alwala ya dafa ni, ya dube ni, idonsa ja, ya sa takalmi ya tafi gidan Mama.

Da yamma na shiga wurin mahaifiyata na faɗa mata, ina huci. Ta saurare ni har na gama, ta ce wanda ya baro iyalinsa ya ƙetaro ƙasashe ya zo ya zauna a tabarmarka, ai ƙafarsa ta riga ta yi gaisuwa. Na ce ƙafa ba ta addu'a. 

Washegari ya dawo. Ina hango shi daga bakin layi na tashi na shige gida, ban fito ba sai da aka ce ya tafi. Kwana na uku da zuwansa ya kira ni daga tasha, zai koma. Na ɗauka. Abin da na faɗa masa ina iya maimaita shi yau ba tare da na rage ko harafi ba.

"Wanda muke gaba da shi a kasuwa ya zo ya ce mini ya haƙuri. Kai da ka je ka karanto Allah, ka rasa kalma ɗaya da za ka ba 'yata?"

 Ina jin 'yan kamasho suna kiran Kano, Kano. Sai ya ce, "Abokina, ka bari in..." Na kashe wayar.

Juma'a ta zagayo ya kira, ban ɗauka ba. Ta gaba ma haka. Ya koma turo saƙo, ina gogewa ban buɗe ba. Na yi shekara uku a haka. Ni a ganina 'yata nake kare wa mutunci. Har hanyar da nake bi in sayo zare na sauya don kada in bi ta gaban rumfar Mama, ina zagaye mai nisa cikin rana kamar wanda ya yi sata. Wata rana ta ritsa ni a bakin masu kayan miya, ta kama hannun rigata ta tambaye ni me ɗan'uwana ya yi mini. Na ce ba komai, Mama, aiki ne ya yi yawa. Ta dube ni ta ce ita ta goya ni lokacin da mahaifiyata ta yi jinya, ta san fuskata in ina ƙarya. Ta sake ni na wuce.

A shekara ta huɗu, da damina, wani maƙwabcin shagona ya ce mini ya ga rumfar mai manja a rufe, an ce ɗanta na ƙasar waje ya rasu. Yana dawowa daga wani ƙauye motarsu ta zame a kan tudu. A can aka binne shi.

Na tsayar da keken ɗinki, na kama hanyar gidanta. Ina tafe ina shirya abin da zan faɗa. Na san abin da ake ce wa maƙwabci Kirista in an yi masa rashi, na sha faɗa: sannu, Allah ya ba da haƙuri. Ba abu ne mai wuya ba. Na yi sallama, na tarar da ita zaune a bakin gado, matan cocinsu sun fita kenan. Na durƙusa a ƙasa, na buɗe baki. Babu abin da ya fito. Duk kalmar da na ɗauko sai in ji ta yi kaɗan, kamar in auna wa babban mutum riga da yadin yaro. Na zauna a nan, hannuwana a kan gwiwa, kaina a ƙasa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba.

Ita ce ta yi magana.

"Haka shi ma ya zauna maka."

Ta ce ran nan da ya dawo daga ƙofar gidana bai iya cin abinci ba. Ya gaya mata tun daga jirgi yake tsara abin da zai faɗa, da ya gan ni duk suka zube. A wurin mutanen da yake zaune da su, in aka yi babban rashi, zama ake yi shiru a riƙe mamacin da masu rashi a gaban Allah, kuma shi bai san wata addu'a da ta fi wannan ba. Ya ce mata, "Mama, mafi kyawun abin da nake da shi na kai masa." Sai da na ƙi fitowa washegari ya gane ya yi kuskure, ya manta cewa a Azare yake. Ya ce da ya sani da ya faɗi abin da kowa yake faɗa, sannan ya yi shirunsa.

Ta ciro waya daga ƙarƙashin matashi ta nuna mini hoton wata yarinya ƙarama, tana tsaye a kan ciyawa cikin rigar sanyi. Ta ce autarsa ce, an haife ta bayan komawarsa da shekara ɗaya. Ta faɗi sunanta. Sunan 'yata ne. Mutanen matarsa sun yi ta tambayar ina ya samo sunan Musulmi, ya ce takwara ya yi wa 'yar ɗan'uwansa. Ya turo mini saƙo ranar suna. Yana cikin waɗanda na goge.

Kafin in tafi Mama ta kira surukarta, ta sa aka ba yarinyar waya, ta miƙo mini. Yarinyar ba ta jin Hausa, ba ta soma Turanci ba, ni kuma ban san ko gaisuwa a yarensu ba. Sunanta ma ba zan iya kira ba. Na riƙe wayar a kunne ina jin numfashinta, ita ma tana jin nawa, har katin ya ƙare.

Bayan shekara ɗaya 'yan'uwan Mama suka zo suka tafi da ita kudu, ba ta daɗe ba ta rasu. Lambar surukar da ta ba ni ta daina shiga. Ban san inda yarinyar take ba yanzu. Kabarinsa ma ban san ko a wane gari yake ba, na dai san a kan tudu ne.

Mutane sukan ce in daina ɗora wa kaina laifi, ai shi ma ya amsa ya yi kuskure. Gaskiya ne. Amma nasa kuskuren na hantsi ɗaya ne, nawa na shekara uku da ɗoriya. Kuma ba zan ce ban sani ba. Ya gaya mini da bakinsa abin da wannan zama yake a wurinsa, na yi masa dariya. Mahaifiyata ta gaya mini, na ba ta amsa. Maganar da na zaɓa na riƙe ita ce ta kawu, mutumin da bai taɓa ganinsa ba sai ran nan.

Har yanzu ina zuwa ta'aziyya, ina faɗin abin da ake faɗa, don shi ne namu kuma yana da amfaninsa. Sai dai in na ga wani ya zauna a gefen tabarma ya kasa magana, ba na tambayar ko wane ne. Ranar Juma'a kuwa, in an sauko daga masallaci, nakan zauna a cikin shago ban buɗe ƙofa ba, waya a kan keken ɗinki. Na san ba za ta yi ƙara ba. Nakan yi sa'a guda a haka. Ni da na yi masa dariya, yanzu na iya zaman, sai dai babu wanda zan gaya wa.